Tambaya da Amsa: Muryar Mary Pickford ce ta kashe mata kasuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da hoton wata Baturiya mai dogon gashi a nannaɗe, sunanta Mary Pickford, wai babu macen da ta kai ta suna a zamanin finafinan da ba a magana. Yayana ya ce irinsu duk sun ɓace ne da aka fara sa murya a fim, domin muryoyinsu ba daɗi. Gaskiya ne? Kuma don Allah ta yaya mutum zai zauna ya kalli fim har ƙarshe ba wanda ya ce uffan?

Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ki gaishe da yayan naki, ki ce masa maganarsa ta dace da wasu 'yan wasa, amma ba wannan matar ba. Fim ɗinta na farko mai magana, Coquette, ya fito a 1929, ya yi kasuwa, kuma da shi ta karɓi lambar yabo ta Oscar a 1930. Muryarta lafiya lau. Abin da ya kayar da ita yana jikin hoton da kika gani, wato gashin nan.

Bari in fara sauke tambayarki ta biyu. Gidajen sinima na wancan lokacin ba shiru suke ba. Akwai mai kaɗa fiyano a gaban majigi yana bin labarin da kiɗa, manyan gidaje kuma ƙungiyar makaɗa guda suke ajiyewa. Jifa-jifa a kan sako rubutu a allo, jimla ɗaya ko biyu. Sauran aikin fuska ce da ido. Ni ma da irin tunaninki na fara. Wani dare na kunna Sparrows, fim ɗinta na 1926, da niyyar in leƙa minti goma in kwanta. Akwai inda ta kwashi marayu tana ratsa fadama da su, jinjiri goye a bayanta, kadoji na buɗe baki a ƙasa. Sai da fim ya ƙare na tuna da shayin da na haɗa, ya yi sanyi ƙalau.

Sunanta na yanka Gladys Smith. An haife ta a Toronto ta Kanada ranar 8 ga Afrilu, 1892. Mahaifinta ya rasu a 1898, ya bar uwarta Charlotte da 'ya'ya uku da talauci. Tana 'yar shekara bakwai ta fara hawa dandalin wasan kwaikwayo, ba don sha'awa ba, don a ci abinci. Shekaru suka yi suna yawo gari-gari a jiragen ƙasa na Amurka, ita da ƙannenta Lottie da Jack. A 1907 wani babban mai shirya wasanni a New York, David Belasco, ya ba ta aiki, ya kuma raɗa mata sunan da duniya ta sani.

A 1909 ta shiga kamfanin fim na Biograph, ƙarƙashin darakta D. W. Griffith. A lokacin 'yan wasan dandali raina fim suke yi, aikin wanda ya rasa abin yi ne. Dala 5 ake biya a rana. Ita ta tsaya sai da aka ba ta 10. Yarinya 'yar shekara 17! Kamfanin bai sa sunan 'yan wasa a fim, don kada su ji kansu su nemi ƙari. Masu kallo suka riƙa tambayar "yarinyar nan mai gashi", tun ba su san sunanta ba.

Nan ne nake so ki tsaya ki dube ta da kyau, domin masu ba da labarinta sun fi son zancen kyau da soyayya, ni kuwa lissafinta ne ke burge ni. Ta san cewa dominta ake sayen tikiti, kuma ba ta yi kunyar faɗa ba. Ita da uwarta suka riƙa zama da Adolph Zukor, mai kamfanin Famous Players, kowace shekara farashi na hawa. A 1916 ta sa hannu a kwangilar dala 10,000 a mako, da rabin ribar finafinanta, da ikon sa baki a kan yadda za a shirya su. A 1919 kuma, da suka ji ƙishin-ƙishin manyan kamfanoni na shirin haɗe kai su danne albashi, sai ita da Griffith da 'yan wasan fim Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks suka kafa nasu, United Artists, su yi fim da kuɗinsu su rarraba da kansu. Mace ɗaya cikin maza uku, a shekarar da matan Amurka ba su gama samun 'yancin jefa ƙuri'a a duk ƙasar ba. Tana kuma cikin mutum 36 da suka kafa cibiyar da ke ba da Oscar a 1927.

Ta auri Fairbanks a 1920 bayan ta rabu da mijinta na farko, suka zauna a gidansu Pickfair da ke Beverly Hills. Auren ya mutu a 1936. Wannan zancen mujallun gulma ne, mu wuce.

To, ga gashin. Gajeriya ce, tsawonta bai wuce ƙafa biyar ba, don haka aka fara ba ta matsayin ƙaramar yarinya, jama'a kuma suka ce atafau ba su son ganinta a wani matsayin. A kan ƙera kujeru da tebura manya-manya fiye da ƙima don ta ƙara ƙanƙanta a ido, a kuma zaɓo dogayen 'yan wasa su tsaya kusa da ita. A 1925, tana da shekara 33, da aure, da kamfani, ta sake fitowa a matsayin yarinya ƙarama. Duk lokacin da ta gwada fitowa a cikakkiyar mace, sai masoyanta su yi ta ƙorafi. Kuɗi na shigowa, amma an hana ta girma.

A 1928 uwarta ta rasu. Bayan 'yan watanni ta je ta sa aka datse gashin, labarin ya hau shafin farko na jaridu kamar an yi juyin mulki. Daga nan aka shiga tsaka mai wuya. Masu son yarinyar nan sun rasa ta, masu son wayayyun 'yan mata kuma suna da sababbin fuskoki da ba su kai talatin ba. Shigowar magana ta zo daidai da wannan lokacin, shi ya sa ake ɗora mata laifin. Fim huɗu masu magana ta yi, na ƙarshe a 1933, ta daina fitowa tana da shekara 41. Hannun jarinta na United Artists kuwa sai 1956 ta sayar.

Ƙarshen rayuwarta ba daɗin ji. Ta auri ɗan wasan fim Buddy Rogers a 1937, ta kulle kanta a Pickfair, giya ta kama ta kamar yadda ta kama ƙannenta biyu, waɗanda suka riga ta tafiya tun suna da sauran ƙuruciya. Da za a ba ta Oscar ta girmamawa a 1976, gida aka kai mata, aka ɗauke ta a kyamara. Ta rasu ranar 29 ga Mayu, 1979, tana da shekara 87.

Akwai lokacin da ta yi niyyar ƙone finafinanta kaf, don tana tsoron 'yan baya za su kalla su yi dariya. Aka lallashe ta ta fasa. Mafi yawan finafinan Amurka na wancan zamani sun salwanta, saboda faifan da ake ɗaukarsu a kai yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi. Nata da yawa sun tsira, domin mallakinta ne, tana da ikon adana su. Idan za ki gwada, nemi Stella Maris na 1918, inda ta fito a mutum biyu: kyakkyawar yarinya mai lalurar ƙafa, da wata marainiya 'yar aiki da ta sha duka. Ki kalla tare da yayan naki, kada ki gaya masa mace ɗaya ce, ki ga ko zai gane.