Tambaya da Amsa: Ƙawayena za su kai ni ɗakin zombi, Mma ta ce wasa da aljanu ne

TAMBAYA: Salam Anti, barka da aiki. Ni 'yar unguwar Nima ce a Accra, shekarata 22, ɗinki nake. Wata ƙawata zata yi bazday ƙarshen wata shine tace ita bata son fati, wai mu biyar zamu je wani waje can cikin gari inda ake kulle mutane a ɗaki awa ɗaya tare da zombi sai kun nemo makulli kun fita. Ni wallahi ko kyankyaso na gani sai na hau kujera, kuma da na faɗa wa Mma tace wannan wasa da aljanu ne, wanda ya tsokano tsuliyar dodo shi ya sani. Dan Allah da gaske suke kulle ƙofar? Zombin yana taɓa mutum? In je ko in ce masu ina da kwastoma? Daga 'Yar Nima.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kin tambayi wadda ta dace, don ni da kike gani na shiga irin ɗakin nan, yaran yayata ne suka ja ni bayan babbar sallah wai Anti ki zo ki ga abin zamani, ni kuma da ƙaton mayafi da silifas na bi su kamar zan je suna.

Ɗaki ne an shirya shi kamar asibitin da aka gudu aka bari, jan fitila, gadon marar lafiya, kwalabe, bango duk jan fenti, ga lasifika tana ta nishi. Akwatuna da durowa kowanne da kwaɗo, wani na makulli wani na lamba, sama kuma agogo yana cin minti 60 ɗinku a gaban idonku. Muna cikin lalube sai naji ƙarar sarƙa daga lungu, wani abu ya miƙe da farar riga yana jan ƙafa. Ɗiyata ban san lokacin da na ja Ayatul Kursiyyu da ƙarfi ba, yaran suna ta dariya, ni kuwa na maƙale a bayan ƙaramarsu 'yar shekara 16, abin kunya. To bayan mun fito, ina zaune a benci ina maida numfashi, sai ga zombin nan ya fito ta ƙofar baya da waakye a ganye, rabin fuska ya goge rabi bai goge ba, ya rusuna yace "Mma sannu, ku yi haƙuri na tsorata ku". Ashe ɗan Mamobi ne, ɗalibi, yana haɗa kuɗin makaranta. Aljanin Mma kenan, yana cin waakye da shito.

Amma kar ki yi wa Mma dariya, maganarta ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Asalin zombi daga ƙasar Haiti ne, inda suka yi imani boka zai iya tada gawa ya sa ta bauta a gona, kuma in kin duba tsoron bayi ne wannan, mutum ya mutu ma bai huta da noman rake ba, bayin nan kuwa daga ɓangarenmu aka kwashe su, su Dahomey da Kongo. Wannan mai jan ƙafa yana cin mutane kuma 'yan fim ɗin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, wani George Romero a 1968. Shi wasan ɗakin ma daban ya taso, Japan aka fara shi a birnin Kyoto a 2007, wani Takao Kato, daga baya 'yan Hungary suka fara nasu a Budapest a 2011 suna yi a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, daga nan ya bazu duniya. Ba tsafi ba turare ba kiran kowa, kwaɗo ne da lissafi da fenti. Ni ba malama ba ce, in Mma tana son fatawa ga malamai nan cike da Nima, amma ki faɗa mata gaskiyar yadda abin yake, kar ki fita a ɓoye.

Yanzu maganar ƙofa, kuma nan nake so ki buɗe kunne don ita ce ta fi zombin haɗari. Ranar 4 ga Janairu 2019 a garin Koszalin na ƙasar Poland, 'yan mata biyar masu shekara 15 sun shiga irin wannan ɗaki, su ma bazday suka je yi, gas ya yi yoyo wuta ta tashi a ginin, hanyar fita babu, hayaƙi ya kashe su dukkansu. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Wurin da ya san aikinsa baya kulle mutane da gaske, ko dai ƙofar a buɗe take wasa ne kawai ya ce kar ku fita, ko akwai maɓalli a gefenta da kin danna ta buɗe. Don haka kafin ku biya ko sidi ɗaya ki ce su nuna maki da hannu, ki danna ki gani da idonki. Sannan ki tambaye su in dumsor ya zo, wato aka ɗauke wuta fa? Makullin maganaɗisu da wuta yake riƙe ƙofa, wuta na ɗaukewa yake saki, wannan shi ake so. In kuwa suka ce maki ai kwaɗo ne ta waje kuma makullin yana hannun wani yaro a risefshan, ki ja ƙawayenki ku je ku sha ayis kirim da kuɗin. Ki kuma tabbata akwai mai kallonku ta kyamara daga farko har ƙarshe, wanda in kin ce a tsaya zai ji.

Batun taɓawa kowane waje da dokarsa. A Amurka akwai salon da ake ɗaure zombin da sarƙa a bango, duk minti 5 a ƙara mata tsawo, in ya taɓa ka ka fita daga wasan. Wasu wuraren kuma basa taɓa kowa sam. Ku mata ne zalla, ku faɗa tun a waje cewa bakwa son a taɓa ku, ba abin jin nauyi bane. Ke ma kar tsoro ya sa ki kai masa mari, ɗan mutane ne.

Zasu baku takarda ku sa hannu, ki karanta. Mai ciki, mai ciwon zuciya, mai asma ko farfaɗiya gara ta jira a waje, akwai hayaƙin inji da fitila mai walƙiya.

In kuna son ku ci wasan kuwa, kar ku dunƙule waje ɗaya kamar 'yan tsaki yadda muka yi, minti 20 muka ɓata a kan akwati ɗaya alhali lambar tana rubuce a ƙasan kofin da na riƙe tun shigarmu ban faɗa wa kowa ba. Kowa ta kama lungunta, duk abinda kika gani ki faɗa da ƙarfi, ku tara su a tebur ɗaya, yawanci makulli in ya buɗe abu ya gama aiki, abinda bai buɗe da sauƙi ba kuma kar a sa masa ƙarfi. In kun kakare ku nemi a haska maku, mu girman kai ya hana mu har agogo ya cinye mu saura kwaɗo biyu. Ke da kike ɗinki ma idonki ya saba da ƙananan abubuwa, ina ga ke zaki fidda su.

Ki je, amma ku ɗauki lokacin da zaku fito kafin magariba, kin san da ƙarfe 6 magariba ta yi a Accra kuma ga cunkoson Circle a trotro. Ƙaryar kwastoma ki barta. Kuma dan Allah ki sa takalmi mai igiya, ni silifas ɗina ɗaya zombin ne ya biyo ni da shi har bakin titi.