Wi-Fi ɗin laptop ɗina sai ya zo ya tafi

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a taimaka min. Laptop ɗina tokumbo ce mai Windows 10, ina haɗa ta da MiFi a hostel ina rubuta furojet, sai intanet ya yi minti goma ya yanke, sai na kashe Wi-Fi na kunna sannan ya dawo, alhali wayata tana kan MiFi ɗin nan lafiya lau. In an ɗauke wuta ma abin ya fi muni. Wani mai gyara ya ce wai sai an yi mata fomatin. Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki yarda a yi fomatin ɗin nan tukuna, wato a goge abin da ke kwamfutar a sake ɗora Windows, wasu masu gyaran ko linzamin kwamfuta ne ya ƙi motsi fomatin za su ce, ga furojet ɗinki a ciki.

Ai kin ba da rabin amsar da kanki. Tunda waya ba ta yankewa to ba laifin MiFi ba ne ba kuma na sabis ba, kuma tunda abin ya fi tsanani in babu wuta, ni zargina yana kan tsimin batir. Windows in ta ga an cire caja sai ta fara rage wa kayan ciki wuta don batir ya daɗe, har da katin Wi-Fi, wani katin kuma musamman na tsofaffin kwamfutoci in aka sa shi gyangyaɗi ba ya farkawa da kyau sai an kashe an kunna, wato abin da kike yi kullum kenan.

Ki danna maɓallin dama na linzami a kan Start ki shiga Device Manager, ki buɗe Network adapters ki nemo wanda aka rubuta Wireless ko Wi-Fi a sunansa, ki shiga Properties sannan Power Management, za ki ga wani ɗan akwati da ya ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tsimin wuta, ki cire alamar ki danna OK. In babu wannan shafin a taki, ki je Power Options a Control Panel, cikin advanced settings akwai Wireless Adapter Settings, ki mai da na batir zuwa Maximum Performance. Batir zai riƙa ƙarewa da ɗan sauri, amma dai gara haka.

In bai daina ba ki sabunta direban Wi-Fi, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, amma daga shafin kamfanin da ya ƙera laptop ɗin, ban da manhajojin nan na kyauta masu cika kwamfuta da talla.

Sai cunkoso. A hostel kowa da hotspot ɗinsa kuma yawanci duk a kan zangon sigina ɗaya suke, wato 2.4GHz, Bluetooth ma nan yake, kamar kasuwa ce kowa na magana lokaci guda. In MiFi ɗinki da laptop ɗin suna da 5GHz ki koma can, ba ya nisa sosai amma ai ɗaki ɗaya kuke. In babu, ki shiga saitin MiFi ki nemo Channel, wato layin da siginar ke bi, ki gwada 1, 6 ko 11.

Akwai abu ɗaya da na sha gani a tokumbo. Eriyar Wi-Fi a cikin murfin sikirin take, wasu siraran wayoyi biyu ne ke bi ta maƙalar murfin su sauka kan katin, to yawan buɗewa da rufewa yana cinye su, ko wani ya taɓa kwance kwamfutar bai maƙala su daidai ba. Ki haɗa intanet ki riƙa motsa murfin a hankali kina kallon sandunan sigina, in suna faɗuwa to matsalar kenan. Mai gyara zai iya maƙala su, ko ki sayi ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ki soka a gefe, kuɗinsa bai kai na canjin kati da aikin hannu ba. Kafin ki miƙa wa kowa dai ki kwafe furojet ɗin a filash.