Tafiya Abuja mu shida: yaya za mu raba kuɗi?

Tambaya: Malam, mu shida ne, abokai tun sakandare, muna shirin zuwa Abuja daga Kaduna na kwana uku bayan Sallah. Ƙarfinmu ba ɗaya ba ne, akwai ɗan kasuwa, akwai masu albashi, akwai ɗalibi. Yaya za mu yi da kuɗi don kada a ɓata?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ke ɓata irin wannan tafiya shi ne kara. Mutum ɗaya ya yi ta zaro kuɗi yana cewa "ku bari kawai", sauran su yi shiru don kunya, a dawo gida da abu a zuci. Don haka ku gama maganar kuɗi kafin a saka ƙafa a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa.

Ku raba kashe-kashen gida biyu. Akwai na tarayya: masauki, motar zirga-zirga, ruwan sha, da abincin da za a sa hannu tare. Wannan a raba shi daidai, kowa ya tura kasonsa ga mutum ɗaya da aka yarda da amanarsa, tun saura mako guda. Ku ɗora kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba. Tikitin jirgi kuwa kowa ya sayi nasa, tunda da lambar NIN ɗin mutum ake yanka shi.

Wurin mota ne lissafi ya fi ƙwacewa. Tashar Idu, inda jirgin ke sauke fasinja a Abuja, tana da nisa da tsakiyar gari, kuma motar Bolt, tasin da ake kira ta manhajar waya, mutum huɗu take ɗauka. Ku shida, ashe kowace fita mota biyu ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa ku gwammace masauki a Garki ko Wuse, ko da ya ɗan fi tsada, a kan mai araha a bayan gari.

Ma'aunin masauki shi ne aljihun ɗalibin. Misali, in kun tsayar da ɗaki na naira 30,000 mutum biyu-biyu, sai ɗan kasuwar ya ce shi kaɗai yake so a na 50,000, to asusu ya biya masa 15,000 ɗinsa, ya cika sauran, har da giɓin da ya bar wa abokin ɗakinsa. In kuma yana son ya rage wa ɗalibin nauyi, alheri ne, amma ya yi ta hannun ma'aji cikin sirri, kada a sa yaron ya riƙa godiya a gaban jama'a.

Kilishin Area 1 da sauran tsaraba, kowa da aljihunsa.

Ma'aji ya riƙa tura abin da aka kashe a zauren WhatsApp kowane dare, har da cajin mai POS. Ku kuma amince tun yanzu cewa wanda ya fasa bayan an biya kuɗin ɗaki, kasonsa na ɗakin ba zai dawo ba, sai dai in an samu wanda ya maye gurbinsa.