Amsa: shahon da ka gani a hanyar Tawa

Malam, ka ce a watan Janairu ka ga wani shaho ya tsaya cak a iska yana kaɗa fukafukai, da baƙin tabo a gwiwar kowane fiffike, kana tambaya ko irin shahon da masana ke kira Buteo lagopus ne, yaro ko babba.

Gaskiya da wuya. Shi lagopus a can arewacin Turai da Rasha yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya matsa ya gangaro tsakiyar Turai, ba ya ƙetaro hamada. Na fi zaton ɗan'uwansa ne, Buteo rufinus, mai leƙo mu jefi-jefi lokacin hunturu. Shi ma yana wannan tsayuwar, tabon ma yana da shi.

Ƙafa ce ke raba gardama. Lagopus gashi ya rufe masa ƙwauri har yatsu, kamar ya sa safa. Rufinus kuwa ƙwaurinsa tsirara, rawaya. Sai wutsiya: ta lagopus fara ce da baƙin zane mai faɗi a ƙarshe, ta babban rufinus ja-ja ce fayau, ba zane.

Batun shekaru, dubi ido da gefen baya na fiffike. Yaro idonsa da haske, baƙin gefen kuma dishi-dishi. Babba ido ya yi duhu, gefen ya fito raɗau kamar an ja da tawada. A lagopus, namiji babba zanen wutsiyarsa da yawa, mace ɗaya ko biyu.

Ƙurar hunturu tana ɓata launi fa. In ka koma, fita da sassafe, ka sa rana a bayanka, ka ɗauko mana hotonsa a kan turken lantarki.