Kumburin da ya naɗe babbar jijiyar jini: yana warkewa?

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Kin ce hoto ya nuna kumburi ya naɗe babbar jijiyar jinin cikinsa, kina tambaya ko zai warke.

Yakan lafa sosai. Galibi ana ba da maganin rage kumburi mai suna prednisolone na watanni, ana ragewa sannu a hankali, wani lokaci a haɗa da wani magani mai suna methotrexate. Da ciwon baya ya ɗauke sai mutanenmu su ajiye magani, wannan ganganci ne. Kada ya yanke shi kwatsam, kuma a riƙa auna sukari da hawan jini.

Abin tsoron shi ne kumburin ya matse bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, ƙoda ta lalace ba a sani ba. Kumburin yakan dawo ko bayan shekaru, don haka kar a daina gwajin ƙoda. In fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, ku garzaya asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya.