Kumburin hanji: maigida ya ajiye maganin asibiti ya koma na gargajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, da fatan ana lafiya. Dan Allah shawara nake nema a kan maigidana, ya daɗe yana fama da zawo da jini da majina, ciki na murɗa masa ga rama, da farko aka ce atini ne ya sha Flagyl har ya gaji, aka koma cewa basir, sai da aka duba hanjin da kyamara a asibitin koyarwa sannan suka ce kolaitis ne, gyambo da kumburi a babban hanji, suka ɗora shi kan mesalazin. To maganin akwai tsada wallahi kuma wai ba ranar dainawa. Yanzu yayarsa ta kawo wani haɗi a jarka, an ce filasko ne da sassaƙen hano, wasu kuma suna cewa kurkum da zuma kaɗai sun isa. Ya ajiye na asibitin ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da ladan jinya. Dan Allah kar ya ajiye. Wannan ciwon ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe a huta, garkuwar jikinsa ce da kanta take taɓa fatar cikin hanjin, shi ya sa yake tashi ya kwanta ya sake tashi. Kuma nan ne ake ruɗuwa, mutum ya fara shan haɗi daidai lokacin da ciwon zai lafa da kansa sai a ce ai jarka ce ta yi aiki, bayan 'yan watanni jini ya dawo fiye da da. Aikin mesalazin shi ne ya riƙe ciwon a kwance.

Jarkar nan kuwa gaskiya ta tayar min da hankali saboda filasko. Filasko maganin wankin ciki ne, zawo yake sawa, to mutumin da hanjinsa ke zubar da jini kuma a ƙara masa gudawa ai ruwan jikinsa da gishirin jini ne za su ƙare. Hano kuma, akwai ɗan'uwansa na Indiya da aka yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a kansa amma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba, namu ma wani jinsi ne daban, kuma ba wanda zai iya gaya miki nawa ke cikin kofi ɗaya na abin da aka jiƙa a jarka.

Kurkum ne ke da hujja mai ɗan ƙwari. A 2006 an buga wani bincike daga Japan inda aka ba masu kolaitis da ciwonsu ya lafa giram 2 na kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkum, kullum na wata 6. Mutum 2 cikin 43 ne ciwon ya dawo musu, a ɗaya rukunin da ba su samu ba kuwa 8 cikin 39. Amma ki lura da kyau, dukkansu suna kan maganin asibitinsu, ƙari aka yi musu, ba musanya ba. Sannan garin kurkum na kasuwa kurkumin ɗin cikinsa bai wuce wajen kashi 3 cikin 100 ba, don haka cokali ɗaya a shayi da zuma ba zai kai wancan ma'aunin ba, ya sa a abinci ba laifi. In kafson kurkumin zai saya to likitansa ya sani tukuna, musamman waɗanda ake haɗawa da masoro don sun taɓa hantar wasu, haka in yana shan maganin tsinka jini.

Maganar tsada kuma na fahimce ki sosai, kar ku ji nauyin faɗa wa likitan ƙarara cewa aljihu ya gaza. Akwai salfasalazin, tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi da ke aiki a kolaitis, ana haɗa shi da folik asid, likita zai duba ko ya dace da shi. Ya guji ibufurofen da diklofenak da ake saya a kemis don suna iya tayar da ciwon, in ciwon kai ne farasitamol ya isa. A riƙa duba yawan jininsa tunda yana zubarwa.

Ranar da kika ga ya zaga da jini sau 6 ko fiye a wuni ɗaya, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko ciki ya kumbura, a tafi asibiti a ranar, kar a jira gari ya waye. In ciwon ya kai shekara 8 kuma ku tuna wa likita maganar sake duba hanjin da kyamara ko da maigida yana jin garau, saboda daɗewar kumburin na ƙara haɗarin kansar hanji.