Tambaya da Amsa: Lasin tirela a Ingila, daga ina ake farawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni direban tirela ne, shekara 14 kenan ina ɗauko kaya daga Apapa zuwa Kano, wani lokacin kuma daga Dawanau in sauke a Legas. Maiɗakina ta samu aikin nas a Ingila kuma insha Allah zan bita da yara. Wani mutum yace in bashi kuɗi zai juya min lasin ɗina na nan ya koma na can, ina sauka sai aiki. Dan Allah da gaske ne? Daga wani direba a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa alheri a tafiyar. Kar ka ba mutumin nan ko sisi, wallahi ba abinda zai juya maka. Akwai ƙasashen da Birtaniya ta yarda a musanya lasin motarsu da nata, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Kanada da Japan, amma Najeriya bata ciki, kuma ba wani ɗan kamasho da zai sakata ciki. Abinda lasin ɗinka zai maka shine idan ka sauka zaka iya tuƙa ƙaramar mota dashi har wata 12, wato motar da bata wuce kilo 3,500 ba, daga nan ya tashi aiki. Babbar mota kuwa ko rana ɗaya bai baka damar hawa ba.

Nasan maganar nan da ciwo. Mutumin da ya shekara 14 yana bin Mokwa da Jebba da damina, yasan yadda ake saukowa gangara da cikakken lodi ba tare da ya ƙona burki ba, sai ace masa ya dawo ya fara daga lasin koyo kamar yaron da bai taɓa riƙe sitiyari ba. To amma haka tsarin yake, kuma gara kaji tun kana gida ka shirya aljihunka da zuciyarka.

Farko sai ka mallaki cikakken lasin ƙaramar mota na can, shine suke kira rukunin B, akwai jarabawar kwamfuta akwai ta kan titi, kuma basa bari ka zauna jarabawar sai ka yi kwana 185 a ƙasar. Ka tuna a hannun hagu suke tuƙi, yadda muma muke yi kafin 2 ga Afrilun 1972 da muka koma dama, kuma a shataletale ne tsofaffin direbobi suka fi rikicewa saboda hannu ya riga ya saba da wani abu daban. Idan ka samu wannan sai ka cike fom guda biyu, D2 na neman izinin koyon babbar mota da D4 wanda likita zai cike bayan ya duba idonka da hawan jini da suga da sauransu, ka aika ofishin DVLA, wato hukumar ba da lasin tuƙi ta can, dake garin Swansea. In kana da suga ko hawan jini kar ka ɓoye, ka fara neman magani tun yanzu, da yawa ana basu lasin idan ciwon yana ƙarƙashin kulawa amma wanda aka kama ya ɓoye ya jawo wa kansa.

Rukunan manyan motoci kuma ga yadda suke, C1 na motar kilo 3,500 zuwa 7,500 ne, C na duk wadda ta haura 3,500 amma mai jiki ɗaya irin tifa ko gingimari, sai CE wanda shine naka, kai da bodi. Da can dole sai ka ci C kafin a barka ka nemi CE, amma daga 15 ga Nuwamban 2021 suka cire wannan sharaɗin, lokacin da ƙarancin direbobi ya kai har gidajen mai suka ƙafe mutane suna layi. Kaga yanzu kai tsaye zaka nufi CE, kuma shi nake baka shawara tunda aikin da ka sani kenan.

Inda nake so ka fi maida hankali shine jarabawar kwamfuta, dan nan ne irinku suke faɗuwa ba a kan sitiyari ba. Tambaya 100 ce dole ka ci 85, sai bidiyo 19 da zaka riƙa latsawa duk sanda ka hango haɗari na tahowa, nan ma ana son maki 67 cikin 100, sannan akwai wata da ake baka labarin abinda ya faru da wani direba a bakin aiki a tambayeka me ya kamata yayi, tambaya 50 ka ci 40. Dukkansu da Turanci ne kuma ba tafinta, saboda haka in Turancinka na karatu bai zauna ba ka fara gyarashi tun yau, ko Madam ta riƙa zama da kai da daddare kuna bi tambaya bayan tambaya, ba abin kunya bane. Bayan haka sai gwajin fili, ribas mai lanƙwasa ka shigar da bodi cikin wani ɗan wuri sannan ka cire kai ka sake haɗawa, wannan nasan ko cikin barci zaka yi, sai dai su tsari suke dubawa ba sauri ba, wanne zaka fara, ka ja burkin bodi, ka sauke ƙafafu, ka cire igiyoyin iska, ka gwada ko ya kama kafin ka tashi. Sai gwajin titi, sai na ƙarshe inda zaka zagaya mota kana nuna yadda ake ɗaure kaya da duba lafiyarta. In ka gama duka zasu baka katin da ake kira CPC, ba'a aikin kuɗi da babbar mota sai dashi, kuma duk shekara 5 sai ka koma aji na awa 35. Kuɗin makarantar koyon ba kaɗan bane, ka sa a ranka zai iya cin dubban fam, kuma ka biya makarantar da kaje ka gani da idonka.

Abu ɗaya da zai baka mamaki, can ba'a kwana ana tuƙi. Awa 9 ne a rana, sau biyu a sati a ɗaga maka zuwa 10, duk awa huɗu da rabi sai ka huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar da katinka a ciki tana rubuta komai, ba oga da zai bugo yace dole kaya su isa kafin asuba. Ni dai ina fatan ranar da direbobinmu na nan zasu samu irin wannan kariyar, rayuka nawa gyangyaɗi ya ci tsakanin Tafa da Kaduna.

Ga sauran direbobi masu karanta wannan, shi ɗan'uwanmu bizar matarsa ce ta bashi damar aiki. Tuƙin babbar mota baya cikin sana'o'in da ake ba bizar ƙwararru a kansu, biza 5,000 da aka ware a 2021 ta ɗan lokaci ce kuma ta wuce tuntuni, duk wanda yace zai kaika Ingila aikin tirela ku rabu lafiya.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ina zaune a Manchester, ina dafa abincin biki da suna, kaya sun fara fin but ɗin motata shine nake so in sayi ƴar ƙaramar tirelar nan da ake ɗaurawa a baya. Na ci jarabawar mota a nan a 2019, sai na sake wata?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ba sai kin sake ba. Tun 16 ga Disambar 2021 duk mai lasin B a Ingila da Scotland da Wales zai iya jan tirelar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba, an soke jarabawar da ake yi a da, Ireland ta Arewa ce kawai ta riƙe tata. Amma abinda lasin ya yarda daban, abinda motarki zata iya ja daban, ki duba littafin motar ko ƴar farantin dake jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, kar ki wuce abinda aka rubuta. Tirelar da ta haura kilo 750 dole tana da burkinta, lambar motarki ce zata kasance a bayanta, gudu mil 50 a titi mai hannu biyu a haɗe, mil 60 a babban titi, kuma a irin babban titin da suke kira motorway in layi uku ne ba ruwanki da na can dama.

Ni gaskiya ban ji daɗin soke jarabawar nan ba. A 2014 a Bristol tirela ta kwance daga bayan mota ta kashe yaro ɗan shekara 3 yana tafiya da mahaifiyarsa a gefen titi, saboda ba'a ɗaura ta daidai ba. Dan Allah Hajiya ki biya ko na yini ɗaya ne a koya miki ɗaurawa da saka wayar tsaro da yin ribas, kuma manyan tukwane ki jera su daidai kan tayoyin ba can ƙarshen baya ba, nauyin baya shi ke sa ta fara lilo a kan titi.

TAMBAYA: Oga ni yaron mota ne a Gusau, shekarata 22, hannuna ya faɗa sosai. Wane lasin zan nema a nan gida?

AMSA: Ƙanina rukunin G shine na tirela a Najeriya, amma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC bata ba da lasin haya sai mutum ya kai shekara 26. Yanzu kaje makarantar tuƙi da hukumar ta amince da ita, ƴan VIO su gwada ka, a ɗauki hotonka da yatsunka ka karɓi na ƙaramar mota da hannunka, kar ka ba kowa kuɗi ya kawo maka kati gida. Shekara huɗun da suka rage ka cigaba da zama kusa da maigidanka, ka sa ido kan yadda yake duba taya da iskar burki kafin ku tashi.